Yadda Ake Kallon Tsuntsayen Duwatsun Jos da Ɗaukar Hotonsu Lokacin Hunturu

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da ciyawa ta bushe a tsaunukan Jos, ruwa ne ke nuna wa mutum inda tsuntsaye suke. Saboda haka kada ka ɓata safiyarka kana zagaya duwatsu. Ka nemi kwazazzabon da ruwa bai gama ƙafewa a cikinsa ba, ka zauna nesa kaɗan da rana a bayanka, sanye da tufafi masu launin ƙasa, ka jira.

Dajin Amurum da ke ƙauyen Laminga kusa da Jos, inda cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI take, ya dace da mai farawa, amma a nemi izini da ɗan jagora tukuna. A can ake ganin ɗan jan tsuntsun nan na duwatsu, Lagonosticta sanguinodorsalis, wanda sai a 1998 masana suka bayyana shi a matsayin jinsi na daban, tare da baƙin tsuntsayen da ke gudo wa sanyin Turai. Garin Jos ya haura mita 1,200 daga matakin teku, sanyin asubahinsa kuwa ba na wasa ba ne. Shi ya sa da hantsi tsuntsaye ke hawa kan duwatsun da ke fuskantar gabas suna shan rana, kuma a lokacin ne suka fi natsuwa a gaban kyamara.

Hazo ne babbar matsala. Duk hoton da aka ɗauka daga nesa yakan fito fari-fari ba armashi, ko da kyamarar ta yi tsada, don haka kusanci ya fi dogon gilashin kyamara (lens) amfani, kodayake mai milimita 300 zuwa 400 yana taimakawa. Idan tsuntsun yana kan reshe, bayansa kuma farin sararin sama ne, kyamara takan ruɗe ta mai da shi baƙi ƙirin, sai ka ƙara hasken da mataki ɗaya a ma'aunin hasken kyamarar. Lokacin da idon kyamara ke yi a buɗe yayin ɗauka kuwa kada ya wuce 1/1000 na daƙiƙa, domin ƙananan tsuntsaye ba sa zama wuri ɗaya.

Kada ka sauya gilashi a fili, kuma ka hure ƙura kafin ka goge, in ba haka ba yashi zai karce shi. Batir na biyu ya zauna a aljihun ciki, saboda sanyi yana saurin cinye caji. Kunna kukan tsuntsu a waya don a jawo shi, a ganina, zalunci ne a lokacin da abinci ya yi musu ƙaranci.