Farfela ta dace da juyin injinku

'Yan uwa masu jiragen ruwa a tafkin Jabi, kafin ku sayi farfela ku duba littafin injin. Misali, injin Yamaha Enduro 40 ana so ya yi juyi 4,500 zuwa 5,500 a minti idan an ba shi wuta har ƙarshe. Ku ɗora fasinjan da kuka saba ɗauka, ku buɗe totur duka, ku karanta agogon juyi.

A jikin farfela akwai lamba biyu, misali 11 x 13. Ta biyun ita ce incin da take ci gaba a juyi ɗaya. Idan injin ya tsaya a 4,200, farfelar ta yi masa nauyi: zai riƙa nishi, fulogi ya yi baƙi, fistin ya sha zafi. Ku sa farfelar da lambarta ta biyu ta yi ƙasa da inci biyu, domin kowane inci da aka rage yana ƙara juyi 150 zuwa 200. Idan ya zarce 5,500, ku sa farfelar da lambarta ta biyu ta fi girma.

Masu sa injin mota a jirgi kuma, don Allah ku bar kamshaf (sandar da ke buɗe bawul-bawul na injin) na tsere. Yana kashe ƙarfin tashi, kuma a silo yana iya zuƙo ruwa ta salansa zuwa cikin silinda.