Filin wasan yara a Garwa ko Njamena: jarumin fim za ka ara, ko naka za ka ƙirƙira?

Mai shirin buɗe filin wasan yara a Garwa, Marwa, Ngaundere ko Njamena, da zarar ya gama da maganar fili da katanga da janareto, sai tambayar ado ta taso. Mai fenti zai ce a zana Mickey Mouse da Spider-Man a bango, tunda yara sun san su. Kafin ka amince, ka san abin da sunan fim yake sayo wa mai wuri da abin da yake ci masa.

Abin da sunan fim ke kawowa

A watan Yunin 2010 kamfanin Universal ya buɗe sashen Harry Potter a filinsa na Orlando, Amurka, jama'a suka yi ta tururuwa. Daga nan manyan kamfanoni suka karkata ga fina-finai: Disney ya buɗe sashen Cars a 2012, na Avatar a 2017, na Star Wars a 2019. Baƙo ya riga ya san labarin tun daga gida, ba sai an yi masa bayani a bakin ƙofa ba, kuma yana fita zai sayi riga ko abin wasa mai hoton jarumin.

Sai dai suna kaɗai ba ya riƙe wuri. Otal ɗin Star Wars da Disney ya buɗe a Florida a watan Maris 2022 an rufe shi a Satumbar 2023, ga tsadar shiga, ga ƙarancin masu komawa. Fim kuma yana tsufa: Universal ya rufe wasan Back to the Future a filayensa na Amurka a 2007, ya sake wa injinan riga da The Simpsons. A Malesiya, filin da kamfanin Genting ke ginawa da sunan 20th Century Fox ya faɗa shari'a a 2018 lokacin da Disney ke sayen Fox, bai buɗe ba sai 2022, da wani suna daban.

A ɗaya ɓangaren, wasan kwalekwale na Pirates of the Caribbean an buɗe shi a Disneyland a 1967 babu wani fim a bayansa. Fim ɗin ne ya biyo shi a 2003, bayan shekara 36. Filin shaƙatawa na Efteling a ƙasar Holan ya fara a 1952 da dajin tatsuniyoyi. Filin Puy du Fou na yammacin Faransa ya fara a 1978 da wasan dare kan tarihin yankinsa, mutanen ƙauyukan wurin ne 'yan wasan. Waɗannan biyun su ne darasi mafi kusa da mu.

In lasisi kake so

Ba a karɓar izini daga ɗan kasuwar da ya sayar maka da lilo a Dubai ko Guanzu. Ko da lilon ya zo da hoton jarumi a jiki, mai haƙƙin ne kaɗai ko wakilinsa na yanki ke ba da lasisi. Yarjejeniyar takan ƙunshi kuɗin da za ka biya tun farko ko ka yi ciniki ko ba ka yi ba, da kaso daga cinikin tikiti ko na kaya, da adadin shekaru, da iyakar wurin da izinin ya shafa. Kowane zane sai sun gani sun amince kafin a shafa fenti, har launi da tsawon kunne. Ranar da wa'adi ya cika kuma za ka sauke komai da kuɗinka. Ka lissafa cewa da dala ko yuro za ka biya, da sefa kake karɓa, kuma cinikinka mai kauri kwanakin Ƙaramar Sallah da Babbar Sallah ne da ƙarshen shekara da hutun makaranta. Ga filin da bai wuce injina biyar ko shida ba, wannan lissafi da wuya ya fita.

Zana jarumin ba izini kuwa, kada ka soma. A 1989 Disney ya sa wasu gidajen renon yara uku a Florida suka goge zanen jarumansa daga bango. Kamaru da Cadi duk suna cikin OAPI, ƙungiyar rajistar tambarin kasuwanci ta wasu ƙasashen Afirka mai hedikwata a Yawunde, tambarin da aka yi wa rajista a can yana da kariya a nan. Wasu na cewa ai Mickey ya zama na kowa tun 1 ga Janairun 2024. Siffarsa ta fim ɗin 1928 ce kawai haƙƙinta ya ƙare a Amurka, tambarin kasuwancin yana nan daram. Ko ba wanda ya kai ka ƙara, banki da kamfanin waya ko na lemo da kake son su ɗauki nauyin bikin Sallah a filinka za su yi ɗari-ɗari da hoton sata. Ga shi zanen kwaikwayo yakan fito a karkace, yaro ɗan shekara biyar ma yana ganewa.

Raba ƙashi da riga

Mafi muhimmancin shawara ita ce wannan: inji daban, ado daban. Ka sayi lilo mai juyawa, ƙaramin jirgin ƙasa ko gidan iska na tsalle marasa hoton kowa, masu launi ɗaya ko biyu. Adon ka yi shi a kan allunan da za a ɗaure da noti mai kaurin milimita 8 ko 10, kada mai walda ya liƙe shi da jikin injin. Walda a kan ƙarfen da ke ɗaukar nauyi tana raunana shi, kuma in allon ya gundure ka sai an yanka. Kan kowane noti a rufe shi da hular roba don kada ya yage wa yaro riga ko fata. Allon katako a ɗaga shi santimita 15 daga ƙasa a kan ƙafar ƙarfe saboda gara da ruwan damina. Allon ƙarfe a kankare tsatsarsa, a shafa jan fenti mai hana tsatsa, sannan launi sau biyu. Rana da ƙurar hunturu suna cinye ja da ruwan hoda kafin sauran launuka, don haka ka ware kuɗin sabunta fenti duk shekara.

Ado kan jawo haɗari in ba a kula ba. Bakin dorina da yaro zai shiga, ko tagar da aka yanka a jikin allo, kada faɗinta ya faɗa tsakanin santimita 9 da 23, domin a nan ne jikin yaro ke wucewa kansa ya maƙale. Wannan ƙa'idar Turai ce ta EN 1176, ita ce kuma ta ce duk inda yaro zai iya faɗowa daga sama da santimita 60 a shimfiɗa abu mai laushi. Yashi mai zurfin santimita 30 ya isa ga tsawon da bai wuce mita 2 ba, a bar sarari aƙalla mita ɗaya da rabi kewaye da abin hawan babu allo, babu dutse. Abin zamiya na ƙarfe a watan Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Garwa, yana ƙona cinya. A kafa shi ƙarƙashin darbejiya ko rumfa. Gidan iska a ɗaure shi aƙalla wuri 6, a sace iskarsa da zarar hadarin farkon damina ya taso, domin iyakar gudun iskar waje da aka yarda kilomita 38 ce a awa.

Inda za ka samo naka labarin

Kaya na nan birjik. Akwai Gizo da Ƙoƙi, Kura da Dila, da zomon tatsuniyoyin Fulani. Akwai dorinar kogin Binuwai, raƙumin dawan Waza, giwayen Zakuma, dutsen Rumsiki, dogayen ɗakunan laka na Musgum, da tukwanen Gawi kusa da Njamena. Ka zaɓi jarumi ɗaya da abokan tafiya biyu, kada su wuce haka. Ka sa mai zane ya fitar da siffa uku, ka nuna wa yara 20 ko 30 'yan shekara 4 zuwa 10, cikinsu har da masu jin Fulatanci da Larabcin Cadi da Faransanci. Bayan mako guda ka koma ka tambaye su wanne suke tunawa. Sannan ka cike zanen da baƙi gaba ɗaya ka ɗaga shi daga nesa. In ba a gane shi da inuwarsa ba, a sake. Gizo yana da sauƙi a nan, ga ƙafafu, ga tsamin bakin da kowane mai ba da labari zai iya kwaikwaya.

Rauninsa a fili yake: babu fim da ya yi masa talla, kai ne za ka gabatar da shi. Wurin yin hakan shi ne layi. Ɗauki lilo mai kujera 16, juyi minti 3, sauka da hawa minti 2: zagaye 12 ke nan a awa, yara 192. In ka tsayar da shi minti 2 don a ba da labari, zagayen ya koma 8, yara 128, ka yi asarar tikiti 64 a kowace awa ranar Sallah. Don haka mai tatsuniya ya tsaya a inuwar layi da lasifika, ya buɗe da "ga ta nan, ga ta nanku", yara su amsa, kafin su hau sun san wane ne Gizo da abin da ya sata. Jirgin ƙasa mai layin mita 200 da ke tafiyar kilomita 5 a awa yana zagayawa cikin kusan minti biyu da rabi. Ka kafa fage huɗu, ɗaya a kowace mita 50, kowanne hoto ɗaya da aiki ɗaya da ake ganewa ba tare da rubutu ba. Na ƙarshe ya zama abin mamaki, kamar Kura ta leƙo daga rijiya da igiyar da ma'aikaci ke ja. Allunan nan huɗu su za ka sauya kowace Sallah da sabuwar tatsuniya, injin yana nan yadda yake.

Iyaye da yawa a nan ba sa son mutum-mutumi mai siffar ɗan Adam. Zane a allo da dabbobin da yara ke hawa sun fi samun karɓuwa, kuma yana da kyau ka ji ta bakin malaman unguwa kafin ka kashe kuɗi a kan sassaƙa.

Takardu

Ka rubuta yarjejeniya da mai zanen cewa ya miƙa maka haƙƙin amfani da siffar a bango, tikiti, riga da talla, da kuɗin da aka biya shi. In babu rubutu, haƙƙin nasa ne ko da ka biya. A Kamaru, dokar haƙƙin mallaka ta 19 ga Disambar 2000 ta ɗauki al'adun gargajiya a matsayin dukiyar ƙasa, kuma neman riba da su yana buƙatar izinin hukumar al'adu, don haka ka leƙa ofishinta na jiha kafin buɗewa. Gizo na kowa ne, amma siffar da aka zana maka da sunan filinka za ka iya yi musu rajista a OAPI a rukuni na 41, na nishaɗi, ka ƙara na 25 in za ka sayar da riguna. Rajista ɗaya tana aiki a ƙasashe 17 na tsawon shekara 10, ana kuma sabuntawa. Najeriya ba ta cikin ƙungiyar, saboda haka in kana hangen buɗe reshe a Yola ko Maiduguri, sai ka yi wata rajistar a Abuja.