Yadda za ka tattara tarihin ƙauyenku daga bakin tsofaffi

Kuskuren da yawancinmu ke yi shi ne mutum ya ɗauki biro da littafi ya je ya durƙusa gaban dattijo ya ce "Baba a ba ni tarihin garin nan." Abin da za ka samo jerin sunayen masu sarauta ne kawai, wane ya gaji wane, kafin minti goma an gama. Alhali tarihin ƙauyen manoma yana kwance ne a gona da rijiya da rumbu, to ta can ake shiga.

Da farko dai kar ka je da damina, mutumin da ya fita gona tun asuba ya dawo da ciwon ƙugu ba shi da lokacinka. Bari sai an gama girbi amfani ya shiga rumbu, ka je da yamma in rana ta yi sanyi. Wayarka ta isa, ka cika ta da caji ka sa ta a yanayin jirgi don kira ɗaya yana iya katse maka rikodin, ka ajiye ta kusa da bakin mai magana nesa da iska da ƙarar injin niƙa. Ka nemi izininsa, sannan ka fara da faɗin kwanan wata da sunansa da inda kuke zaune, in ba haka ba bayan wata shida wallahi ba za ka gane muryar wa kake ji ba.

Tambaya kuma a yi ta kan abin da hannu ke taɓawa. "Baba, wa ya haƙa tsohuwar rijiyar can, kafin ita ina ake ɗibar ruwa?" "Wane iri kuke shukawa da wanda yanzu ya ɓace?" "Gonar wa aka fara sa wa takin zamani, me mutane suka ce?" In ya yi shiru ka ƙyale shi, tunowa yake yi, kar ka cusa masa wata tambayar. In yana da ƙarfin tafiya ku taka tare, wanda ya ce maka ya manta yana zaune a tabarma, da kun isa kufai zai ɗaga sandarsa ya ce nan gidan maƙeri yake, can turken shanu. Kuma don Allah kar ka tsallake tsofaffin mata, da yawansu aure ne ya kawo su daga wasu ƙauyukan, su suka san dangantakar gari da gari, su kuma suka san yadda aka raba ɗan abin da ya rage a rumbu a shekarar yunwa.

Inda aikin yake da wuya shi ne shekaru. Tsoho ba zai ce maka 1962 ba, cewa zai yi "shekarar da fara ta cinye mana gona" ko "ina goyon ɗana na fari." Saboda haka ka tafi da wasu abubuwa da aka san shekarunsu ka riƙa auna maganarsa da su. Annobar murar da ta game duniya 1918 ce, yaƙin duniya na biyu ya ƙare a 1945, a yankin Sahel an sha babban fari a 1973 da 1984. Husufin rana ma yana taimakawa sosai don ba a manta ranar da gari ya yi duhu da rana tsaka, na 30 ga Yuni 1973 ya ratsa Muritaniya da Mali da Nijar da Chadi har Kenya, na 29 ga Maris 2006 ya bi ta Ghana da Najeriya da Nijar da Libiya zuwa Turkiyya. Cutar agana kuwa a 1977 aka ga mutum na ƙarshe da ya ɗauke ta a cikin jama'a, a Somaliya, to in Kaka ta ce ana agana aka yi mata aure ka san kafin nan ne.

Abin da ya wuce tunanin masu rai sai a ƙirga kakanni, daga uba zuwa ɗa a ba shi shekara 25 zuwa 30, kakanni biyar ke nan shekara 125 zuwa 150. Amma a yi hattara fa, masu gari takwas ba ya nufin zuriya takwas, sau da yawa ƙane ne ke gadon wa, kuma wanda bai bar baya ba ko aka tuɓe shi sunansa kan faɗi a jerin.

Ka tambayi aƙalla mutum uku daban-daban, in sun saɓa ka rubuta duka da sunan wanda ya faɗa, ba aikinka ba ne yanke hukunci. Maganar iyakar gona da wa ya riga wa zama kuwa ka ji ka adana, kar ka watsa a WhatsApp, irinta ke kai 'yan uwa kotu.

A satin ka zauna ka juye rikodin ɗin a takarda, ka kwafe fayil ɗin wuri biyu don waya na faɗawa ruwa. Sannan ka koma ka kunna wa Baba muryarsa, za ka ga ya karkata kunne ya ɗaga hannu ya ce tsaya tsaya, ba haka ba ne, rijiyar ta riga kasuwa. Ka tabbata rikodin na tafiya a lokacin.