Yadda ake auna semolina da kofi idan babu sikeli a gida

Uwargida, idan kika ga an rubuta giram 500 na semolina a girkin basbusa (kek ɗin Larabawa da ake jiƙawa da ruwan suga) ko wani kek kuma ba ki da sikeli, ga lissafin a taƙaice: cikakken kofin awo ɗaya, wato mai mililita 240, yana ɗaukar kusan giram 165 zuwa 170. Kin ga kenan giram 250 kofi ɗaya da rabi ne, giram 500 kofi 3, kilo ɗaya kofi 6. Babban cokalin awo kuma giram 10 ne kusan.

To amma ba nan ake samun matsala ba. Yawancin masu koyo da na gani suna ɗaukar lissafin fulawa su ɗora wa semolina, alhali kofin fulawa bai wuce giram 120 zuwa 125 ba saboda ita fulawa sakwaf take, semolina kuwa tsaki-tsaki ce tana da nauyi. Sai mace ta ce ai giram 500 kofi 4 ne ta zuba, ta ƙara kusan giram 170 ba ta sani ba, basbusa ta fito a bushe ta ƙi shan ruwan suga, a ce laifin oben ne.

Abu na biyu, kuma shi ne babba: kofinki. Wallahi kofin shayin gidanki ba kofin awo ba ne, wani ya kai mililita 300, wanda ke zuwa cikin tukunyar dafa shinkafa ta lantarki kuma 180 ne kawai. Don haka kafin komai ki gwada shi. Ki samu fiya wata guda ɗaya, ledar mai 50cl, ki huda a hankali ki dinga cika kofin kina juyewa a kwano. In ya cika sau biyu ɗan kaɗan ya rage a ledar, kofinki daidai ne. In bai kai sau biyu ba ya yi girma, ki nemi wani.

Ni dai hanyar da na fi so ita ce ta sabuwar leda. Ki sayi semolina ta kilo ɗaya wadda ba a buɗe ba, ki ɗauko abin da kika saba awo da shi, ko gwangwanin madara ne, ki auna ta duka zuwa roba mai murfi kina ƙirgawa. Sai ki raba 1000 da adadin da kika samu. Gwangwanin madara yakan ba da 8 zuwa 9, kenan kowanne giram 110 zuwa 125 ne. Ki rubuta a jikin robar da maka, shikenan kin huta, ba sai kin kashe kuɗin sikeli ba yanzu da komai ya yi tsada.

Wajen ɗiba kuma kar ki luma kofin cikin leda ki danna, kar ki bubbuga shi a kan tebur don ya zauna. Da cokali za ki dinga zubawa har ya yi tozo sannan ki share saman da bayan wuƙa. Tozon nan da ake bari kamar awon mudu a kasuwa shi kaɗai zai iya ƙara miki cokali biyu ko uku. Da damina in ta yi gudaji ki tankaɗe tukuna.

Mai laushi da mai tsaki akwai ɗan bambanci a nauyi, in kin canza iri ki sake ƙirga. Tuwon semo kam bai buƙatar duk wannan, ido da muciya sun isa, ki zuba ki tuƙa har ya yi yadda mutan gidan ke so.