Yadda Za Ki Riƙa Bin Nauyinki Idan Kina Da Ciki

Matan unguwarmu nan Agege kashi biyu ne. Wata ta rage cin abinci wai kar ɗa ya yi girma a yi mata aiki, wata kuma ta ce ai su biyu ne, ta buɗe ciki. Duka biyun na ga inda suka ƙare.

Da farko, ki hau sikeli tun watan farko ko na biyu ki rubuta. In kika bari sai wata shida kika fara awo, nas ba ta san daga ina kika taso ba. Sikelin kemis ma ya isa, amma ki riƙe guda ɗaya, kowanne da irin ƙaryarsa.

Sai ki san naki rabon. Mai matsakaicin jiki kilo 11.5 zuwa 16 ake so ta ƙara har haihuwa, siririya 12.5 zuwa 18, mai jiki 7 zuwa 11.5, mai ƙiba sosai 5 zuwa 9. Nas za ta gaya miki ajinki daga tsawonki da nauyinki. Ba duka ne ɗan ba fa, shi wajen kilo 3 ne, sauran mabiyiya ce da ruwa da ƙarin jini da kitse. Wata ukun farko kilo ɗaya ko biyu ya wadatar, laulayi ma ba zai bar ki ba.

To daga wata huɗu, nan ni na tafka tawa. Kusan rabin kilo a sati ake nema, ni kuwa kullum malt da madarar gwangwani wai ƙarin jini, ga burodin Agege da shayi mai kauri, Maigida ya dawo daga kasuwar Mile 12 da lemo, uwar miji tana ta cewa ci ki ƙara 'yar nan. Siga ya hau ban sani ba, shi kuma sigan nan ta mabiyiya yake wucewa, ɗan ya yi ta tara kitse. Kilo 4.3 ya zo, tiyata aka yi. Da na yi gwajin siga tsakanin sati 24 da 28 da an kama shi. Ƙarin da jiki ke so kaɗan ne, kamar alale da ƙwai ɗaya, ko gyaɗa da ayaba. Malt dai a wurina haramiyarki ce, kuɗinsa ki sayi wake da ganyen ugu.

Mai rage ci kuma, ɗan da bai kai kilo 2.5 ba wahalarsa ta fi, sanyi da ciwo ba sa barinsa. Ki sha maganin ƙarin jini da Fansidar ɗin rigakafin maleriya da ake bayarwa wurin awo, ki kwana a gidan sauro, maleriya ma tana tsumburar da ɗa.

In nauyi ya yi tsalle cikin sati guda, fuska da hannu suka kumbura ga ciwon kai, kar ki jira ranar awo ko a ce akwai go-silo a hanya, hawan jini ne ake tsoro, asibiti a ranar.