Jarrabawar tantance kemistiri: nasiha ga ƙannenmu sababbin zuwa Amurka

Assalamu alaikum ƙannena da Allah Ya ba gurbin karatu a Amurka bana, musamman masu niyyar likitanci ko haɗa magunguna ko injiniyanci. Akwai wata jarrabawa da makarantu da yawa ke turo saƙonta ta imel tun ba ku gama haɗa kaya ba, ta tantance matakinku a kemistiri, kuma na ga mutanenmu suna mata ɗayan biyu, ko a yi watsi da ita sai ana gobe rufewa, ko a ɗauke ta kamar JAMB a shiga neman maki ko ta halin ƙaƙa. Ba ta shiga GPA, wato matsakaicin makinku na jami'a, ba a korar kowa saboda ita, aikinta kawai ta nuna ajin da za ku fara zama.

Yawanci hanya biyu ce. Akwai General Chemistry, kashi na 1 da na 2, semista biyu ke nan, lacca haɗe da lab, galibi kiredit (ma'aunin nauyin kwas) 4 ko 5 kowanne, kuma shi ne ƙofar Organic Chemistry a shekara ta biyu. Sai na share fage, Introductory ko Preparatory Chemistry, semista ɗaya, don wanda ginin ƙasansa bai yi ƙwari ba. Wasu makarantun suna da wani na daban don masu karatun nas, wanda ya haɗa ɗan wannan ɗan wancan, to mai son likitanci ya kiyaye shi domin makarantun likitanci General Chemistry suke nema.

Ita jarrabawar kowace makaranta da tata. Wasu na amfani da ALEKS na kamfanin McGraw Hill, a kwamfuta ake yi, tambaya ta gaba tana bin yadda ka amsa ta baya, in ka gama kuma ta buɗe maka darussa a wuraren da ka gaza. Wasu kwalejojin Kalifoniya kuma suna ba da wadda ƙungiyar masana kemistiri ta Amurka, ACS, ta tsara, tambaya 44 a minti 45, ka ga kusan minti guda-guda ke nan, ba lokacin zama ana tauna biro. Kuma kar a ce ai ina da A1 a WAEC ko NECO, wannan ta taimaka ka samu shiga amma galibi ba ta ɗauke maka jarrabawar, waɗanda akan ɗauke wa su ne masu 4 ko 5 a AP, jarrabawar darussan matakin jami'a da 'yan sakandare ke yi a Amurka, ko masu A-level na Cambridge ko IB, wato difilomar sakandare ta ƙasa da ƙasa, shi ma sai yadda makaranta ta ga dama.

Ni abin da ya fara rikita ni sunaye ne. Shekara uku ina haddace tetraoxosulphate(VI) acid da trioxonitrate(V) acid da trioxocarbonate(IV), na zauna gaban kwamfuta sai ga sulfuric acid, nitric acid, carbonate, abu ɗaya ne amma kafin ƙwaƙwalwa ta juya an ci lokaci. Haka dm³ da muka saba, su L suke rubutawa, mol/dm³ kuma su ce M. 'Yan uwanmu na Nijar da suka yi BAC da Faransanci nasu ya fi wannan, wanda ya saba da azote sai ya koyi nitrogen. Mako biyu da littafin kemistiri na OpenStax, kyauta ne a intanet, sun isa a daidaita wannan.

Amma abin da ke kayar da mutane da gaske lissafi ne. Juya giram zuwa mol, mol zuwa adadin ƙwayoyi da 6.022 × 10²³, log na pH, sake jera ikweshan ka fitar da abin da ake nema, da sanin lamba nawa za ka bari a amsa, wannan na ƙarshen a gida ba a cika matsa mana a kai ba amma a nan za ka yi aiki daidai a rage maka maki a kansa. Shi ya sa wasu makarantun ba su ma duba kemistirin, makinka na lissafi suke dubawa.

Yanzu abin da ya sa na zauna rubuta wannan. Akwai wani ƙaninmu da aka ba jarrabawar ya yi a ɗaki, ya samu wani ya zauna kusa da shi suka yi tare, maki ya yi kyau aka sa shi General Chemistry. Zuwa tsakiyar semista ya faɗi gwaji biyu, ya so ya janye, sai ga matsala, kiredit 13 yake ɗauke da su, in ya cire 4 saura 9, mai bizar ɗalibai ta F-1 kuma dole ya riƙe 12 sai in ofishin ɗalibai baƙi ya sa hannu. Haka ya zauna ya ɗauki D, tallafin karatunsa da ke neman GPA mai kyau ya shiga rawa, kuma sai da ya maimaita kwas ɗin. Wallahi na ji masa ciwo, yaro ne mai ƙoƙari, da ya yi na share fagen semista ɗaya kawai zai ƙara. Don Allah ku yi ta da kanku.

Ban ce kowa ya gudu na share fage ba fa, kuɗi ne, kuma yana ja muku Organic baya. In maki ya tsaya a kan iyaka ku tambayi adbaizarku ko ana sake zama, da yawa ana bari bayan an yi bita. Ku kuma rubuta ranar da ake rufe canjin kwas, galibi cikin mako na farko ko na biyu, kafin ita ana sauka aji ba tare da an rubuta W, alamar janyewa, a takardar sakamako ba.

Lab kusan awa uku ake yi a tsaye, to wajen rajista ku duba kar ku zaɓi na Juma'a da rana ya ci muku salla, ku yi da wuri don lokutan kirki suna saurin cika. Ba a shiga da silifas, sai takalmi sau-ciki da tabarau na kariya. Ƙannena mata, ba mai hana ku hijabi, amma ku nemi na auduga gajere ku cusa bakinsa cikin farar rigar lab, domin mai santsin nan in ya kusanci wuta narkewa yake ya manne a fata.