Kurakuran da aka fi yi wajen fara haɗa wa mage ɗanyen nama, da yadda za a gyara

Ni dai tunda na fara haɗa wa magena ɗanyen nama da busasshen abincinta nake ta cin karo da mutane masu kyakkyawar niyya amma suna cutar da dabbar ba su sani ba, kuma in ka bi diddigi kusan kuskure ɗaya ne yake haifo sauran, wato ɗauka cewa tunda mage mai cin nama ce to duk naman da ka yanka ka miƙa mata ya wadatar. Bai wadatar ba fa. Ku lura da yadda take cin ɓera in ta kama, ai ba tsoka take zaɓa ta bar saura ba, har kai har ƙashi har kayan ciki take taunewa ta haɗiye, a nan kalsiyam ɗinta yake, a nan bitamin ɗinta suke. Mu kuma sai mu ɗauko ƙirjin kaza fari tas, ba ƙashi ba hanta ba komai, mu ce wai mun mayar da ita kan abincinta na asali.

Tsoka zalla cike take da fosfaras, kalsiyam kuwa kusan babu, alhali jikin mage so yake su zo kusan kai ɗaya, kalsiyam ma ya ɗan ɗara kaɗan. In bai samu a kwano ba sai ya koma yana zara daga ƙashinta. Babbar mage tana iya yin watanni ba ka ga komai ba, amma 'yar ƙarama mai tasowa cikin makonni za ka ga ta fara ɗingishi, ta daina tsalle, in ka taɓa ta ta yi ƙara, wata ma daga dirowa kan kujera kawai sai karaya. Abin tausayi ne wallahi, kuma mai ita yana can yana ganin gata yake mata.

To sai ka ji an ce ai ni rabi kawai nake ba ta, busasshen zai cike abin da ya rage. A'a. Shi busasshen an auna shi ne ya ishi magen da take cinsa shi kaɗai, ba a yi shi don ya ɗauki nauyin wani kwanon ba. Ma'aunin da likitocin dabbobi suke bayarwa shi ne duk abin da ba cikakken abinci ba kar ya wuce kashi 10 cikin 100 na abin da take ci a rana. Ƙasa da haka, ɗan yankan cinyar kaza ko zuciya, ba komai. Amma da zarar ka haura, kwata ne ko rabi, to shi ɗanyen ma dole ya zama cikakke a karan kansa. Hanya biyu ce, ko ka sayi haɗaɗɗe wanda aka rubuta a jikinsa cewa cikakken abinci ne bisa ƙa'idar AAFCO ta Amurka ko FEDIAF ta Turai (da yawa ƙari ne kawai, a duba rubutun da kyau), ko kuma ka haɗa da kanka bisa tsarin da likitan dabbobi masanin abinci ya rubuta maka, ka bi shi da sikeli ba da ido ba. Masu haɗawa a gida ba tare da ƙashi ba sukan sa garin ɓawon ƙwai, kusan rabin ƙaramin cokali a rabin kilo na nama, amma wannan kalsiyam kaɗai ya toshe, sauran ramukan suna nan.

Babban ramin shi ne sinadarin torin. Kare yana iya haɗa nasa a jikinsa, mage ba ta haɗa mai isarta, dole ta ci. In ya yi ƙasa a hankali ido yake mutuwa, kuma wanda ya mutu ba ya dawowa, sannan tsokar zuciya ta saki ta buɗe ta kasa harba jini. A 1987 ne Paul Pion da abokan aikinsa a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis suka nuna cewa ƙarancin torin ne yake kawo wannan ciwon zuciyar, daga nan kamfanoni suka ƙara shi a abinci, ciwon ya ragu sosai. Yanzu kuma masu haɗi a gida ne suke dawo da shi ba da gangan ba. A wannan jami'ar ma an taɓa ciyar da wasu maguna da zomo sukutum da aka niƙa ɗanye, gashinsu ya yi sheƙi, kashinsu ya yi kyau, kowa ya ga kamar an dace, ashe torin bai isa ba, ɗaya ta mutu da ciwon zuciya. Ni wannan labarin ne ya sa na daina yarda da sheƙin gashi a matsayin shaida. Torin ya fi yawa a zuciya da jan nama irin na cinya, kuma yana bin ruwa, don haka jan ruwan nan da yake tsatsafowa in nama ya narke kar a zubar, a juye mata a kwano. Duk da haka in kana haɗawa da kanka ka sa garin torin ɗin kawai, rararsa fita take a fitsari.

Hanta kuma akasin haka ne, ita yawa ake yi. Mage tana son hanta kamar me, har wata ta ƙi komai sai ita, mai ita kuma ya ga abin da take so ke nan ya yi ta ba ta kullum. Bitamin A ya yi yawa a hanta kuma taruwa yake a jiki, bayan watanni ko shekaru sai ƙashin wuya ya riƙa tsiro yana haɗewa, ta kasa juya kai ta lashe jikinta. Kusan kashi 5 cikin 100 na haɗin ya isa. Kuma ba a cire ta gaba ɗaya a ce za a sa karas, mage ba ta iya juya abin da ke cikin karas ya zama bitamin A irin yadda jikinmu yake yi.

Ɗanyen kifi a bar shi. Kifaye da yawa suna da wani sinadari mai lalata bitamin B1, sai ka ga mage tana tangaɗi, kanta ya sunkuyo haɓa na taɓa ƙirji, har farfaɗiya, dafawa ce take kashe wannan sinadarin. Ɗanyen farin ƙwai yana riƙe bayotin, wani nau'in bitamin B, shi ma a dafa. Albasa da tafarnuwa suna fasa jajayen ƙwayoyin jininta, ɗanye ko dafaffe ko gari, saboda haka naman da aka riga aka sa wa kayan ƙamshi ba nata ba ne.

Yanzu ga wanda ya fi tayar min da hankali. Mutum ya sayo nama ya ajiye mata, ta shinshina ta juya ta tafi, sai ya ce a bar ta, in yunwa ta ci ta ai za ta ci. Don Allah kar ku yi wa mage haka. Da kare wataƙila ka ci nasara, amma mage tana iya zama da yunwa har ta kwanta ciwo. In ta yi kwana biyu uku ba ta ci ba, musamman mai ƙiba, jikinta yana kwaso kitse ya tura hanta fiye da yadda hantar za ta iya sarrafawa, kitsen ya cushe ta, sai ka ga cikin kunne da dasashi da farin ido sun yi ɗorawa irin na shawara, daga nan sai asibiti da ciyarwa ta bututu, wasu ba sa tashi. Ba taurin kai take maka ba, magen da ta tashi kan busasshen abinci tun tana ƙarama ba ta ma ɗauki wannan abu mai sanyi mai santsi a matsayin abinci ba. Nawa muzurun sai da ya yi kusan sati uku yana kallon naman kafin ya fara lasa, kuma duk tsawon lokacin abincinsa na da yana nan ban rage masa ba.

Yadda na ga yana tafiya shi ne, da farko ka daina barin kwano cike dare da rana, ka mayar da ita cin abinci sau biyu ko uku a lokaci sananne. Sai ka fara ajiye ɗan nama kamar girman ƙwayar wake a gefen kwanon, ba a ciki ba, don in ka cakuɗa ta tsani warin sai ta ƙi duka biyun. In ta fara ci ka ƙara kaɗan kaɗan cikin kwana 7 zuwa 14, in cikinta ya ɓaci ka koma baya mataki ɗaya. Nama iri ɗaya za ka fara da shi, don in gudawa ta zo ka san mai laifi. Kuma kar ka ba ta daga firji kai tsaye, mage ta fi son abinci mai ɗumin jiki, sa shi a leda ka tsoma a ruwan ɗumi na 'yan mintuna. Wadda ta ƙi sam, a bi da ita ta na gwangwani tukuna, ko a ɗan gasa bayan naman sama sama. In ta yi awa 24 ba ta ci komai ba kuwa, a dawo mata da tsohon abincinta a kira likita, zancen ɗanye ya jira.

Maganar nan da ake yawan yaɗawa wai ba a haɗa ɗanye da busasshe a rana ɗaya don cikinta zai rikice, ni ban ga abin tsoro a nan ba, cikin mage yana narkar da duka biyun. Na fi raba su ne kawai, ɗanye da safe busasshe da yamma, saboda ɗanyen ba ya zama a kwano.

Sai zancen firiza. Mutane da yawa sun yarda in nama ya daskare to ya tsarkaka. Sanyi yana kashe ƙwayar cutar toksofilazma in naman ya yi kwanaki a firiza mai sanyi sosai, amma ƙwayoyin cutar salmonela da listeriya barci kawai suke, suna narkewa su farka. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, wato FDA, ta gwada samfur 196 na ɗanyen abincin dabbobi tsakanin 2010 da 2012, 15 suna da salmonela, 32 suna da listeriya. Kuma mage tana iya ɗauke da su lafiyarta lau tana zubarwa a kashi, ta lashe jikinta ta zo ta lashe hannun yaro. Murar tsuntsaye ma sanyi ba ya kashe ta, a 2023 maguna sun mutu a wuraren kula da su a birnin Seoul na Koriya ta Kudu bayan cin abincin da aka yi da naman agwagwa, a Disamban 2024 kuma wata mage ta cikin gida ta mutu a jihar Oregon ta Amurka aka samu ƙwayar cutar a daskararren naman talotalon da take ci. A Birtaniya a 2018 an samu maguna da tarin fuka irin na shanu, masu bincike a Jami'ar Edinbara suka danganta shi da ɗanyen naman barewa na sayarwa. Saboda irin waɗannan ne ƙungiyar likitocin dabbobi ta Amurka tun 2012 take cewa a guji ɗanye, kuma ni ba na ganin ya kamata a yi fushi da su, gaskiya suka faɗa game da haɗarin. In ana fama da murar tsuntsaye a inda kake, dafa naman tsuntsu kawai, ka bar shi ya huce sannan ka zuba garin kalsiyam da torin da sauran abin da ake ƙarawa.

Abin yi a kicin ba wuya, sai dai naci. A raba nama ƙulli ƙulli na rana ɗaya kafin a daskarar, a narkar a cikin firji a ƙasan komai cikin roba mai murfi, ba a kan tebur ba. Katako da wuƙa nata daban. Kwano na ƙarfe ko tangaran, don na roba yana karcewa datti ya ɓuya. Abin da ba ta cinye cikin minti 30 ba a zubar, a wanke kwanon da ruwan zafi da sabulu duk ci, a wanke hannu. Kar a wanke ɗanyar kaza a famfo, fantsama kawai ake yi. Gidan da akwai mai juna biyu, ko jariri mai rarrafe, ko tsoho, ko wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni, shawarata a haƙura da ɗanye, dafaffen haɗi na gida yana ba da kusan duk abin da ake nema. Haka magen da ita kanta garkuwarta ba ƙarfi, ko mai ciwon ƙoda wadda yawan fosfaras yake ƙara mata wahala, sai da sa hannun likita.

Ƙashi, dafaffe kam babu shi ko kaɗan, tsagewa yake ya yi tsini. Ɗanye mai laushi irin wuyan kaza ko tsinin fiffike wasu magunan suna iyawa, amma ka tsaya a kanta, mai haɗama tana iya haɗiye guntu ya maƙale. In ka ga kashinta ya yi fari yana marmashewa tana yunƙuri da ƙyar, ƙashi ya yi yawa, a rage.

Wani abu da ake mantawa, in ka ƙara ɗanye dole ka rage busasshe, in ba haka ba ƙiba za ta yi. Babbar mage mai cin ɗanye zalla takan ci kusan kashi 2 zuwa 4 cikin 100 na nauyinta a rana, wato mai kilo 4 tsakanin giram 80 da 160, in rabi kake yi sai ka raba wannan biyu ka raba na busasshen ma biyu. Za ka ga ta rage shan ruwa, kar ka tsorata, nama kusan kashi 70 ɗinsa ruwa ne, busasshen kuwa bai wuce kashi 10 ba. Kashinta ma zai ragu ya rage wari. Ka riƙa aunata duk sati biyu, ɗauke ta ka hau sikeli sannan ka cire naka nauyin, ka rubuta a waya tare da irin naman da ta ci, ranar da za ku je wurin likita ka nuna masa.